Sawun Ƙwallo a Jar Ƙasa

Teku na fara gani, ban kuwa so shi ba. Ruwa ne iya ganin ido, ba a sha, ba a shayar da dabba, sai surutu yake yi shi kaɗai. Ni da na tashi a Dakoro, inda ake zura guga har igiya ta kusa ƙarewa kafin a ji ta taɓa ruwa, na zuba masa ido ta gilashin mota ina cewa a raina, wannan almubazzaranci har ina?

Mai tuƙa motar shi ne Mushe Faruk (Mushe shi ne Malam a Faransanci), direktan wata makarantar horar da ƴan wasan tenis a wani garin bakin teku a Tunisiya. A Yamai ya gan ni, ranar da na ci gasar ƴan mata, ni ɗalibar lise, wato sakandare, ta Maradi da ta koyi wasan a kan wani tsohon filin siminti mai tsattsagewa. Ya yi magana da mahaifina ta tarho, ya yi alkawarin ɗaki da abinci da horo da karatu, kuma zan riƙa shiga gasa da sunana da sunan ƙasata. Shekaruna goma sha tara. Ba mu ko kai gida ba ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Habsatu, ba ni paspo ɗinki in ajiye miki. Yara kuna yawan ɓatar da abu."

Na ba shi da hannu biyu.

Makarantar tana da filaye shida, dukansu na jar ƙasa, laushi kamar garin jan dawa. Ranar farko na tuɓe takalmi na taka, don in ji ta a tafin ƙafata. A bangon biro, wato ofis, kuwa hotunan yarinya ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, tana ɗaga kofi, tana sumbatar kofi, tana cizon lambar girma. Ita ce Selma, ɗiyar direkta, ta girme ni da shekara guda. Ta ci gasar yara ta ƙasarsu sau da yawa, kowa a garin yana cewa ita ce za ta kai sunansu duniya.

Washegari na gane aikina. A ba ni raket, in tsaya a ɗaya gefen raga, Selma ta bugo, in mayar mata. Awa uku da safe, awa biyu da yamma. In mai horarwa yana son ta koyi tarar ƙwallo mai tashi sama, sai a ce in riƙa ɗaga mata. In yana son ta koyi gudu, sai a ce in riƙa jefa mata lungu-lungu. Ba wanda ya taɓa gyara mini riƙon hannu ko tsayuwar ƙafa. Wata rana na ji Selma tana gaya wa ƙawarta da Faransanci cewa babanta ya sayo mata bango mai ƙafafu. Na yi kamar ban ji ba. Karatun da aka yi alkawari, kullum sai wata mai zuwa.

Wata shida na yi a haka. Taliya da jan barkono safe da rana, har na riƙa mafarkin fura mai sanyi a ƙwarya, da ƙamshin yashi in ruwan farko ya sauka. Ina da wani littafi da nake rubuta ƴan baituka a ciki, amma a watannin nan duk abin da na rubuta kukan kewar gida ne, na yayyage.

Wata yamma na gurɗe ƙafa, na zauna a bakin fili ina murzawa, bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo Inna."

"Wace ce ke kiran Inna a ƙasar Larabawa?"

Da Hausa aka yi maganar. Na ɗaga kai. Tsohon da ke share filaye ne, wanda kullum nake gani yana jan wata raga mai faɗi a bayansa yana daidaita ƙasa, sannan ya yayyafa ruwa. Ban taɓa zaton namu ne ba.

"Baba, ina wuni? Daga Dakoro nake."

"Dakoro! Wane iri?"

"Bagobira ce."

Ya yar da igiyar ragar, ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Shekara ashirin ina wahala ni kaɗai, yau Allah ya aiko mini baiwata har gida. Tashi ki ɗauki tsintsiya, Bazabarme ne gabanki."

Wasan nan ne na Bagobiri da Bazabarme, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Wata shida ban yi dariya ba. Na ce, "Haba Baba, yaushe Bazabarme ya yi arzikin baiwa? Kai da ko a nan tsintsiyar aka bar maka gado."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sunansa Baba Hamani, mutumin wajen Doso. Daga ranar, duk Juma'a matarsa Inna Hauwa takan aiko mini da kwaɗon zogale a ɗan kwano, shi kuma ya miƙo mini yana cewa sadaka ce yake yi wa bayi.

Na yi ta roƙon Mushe Faruk har ya gaji ya sa sunana a wata ƙaramar gasa da ake yi a filayen wani otel na garin. A irin wannan gasa, kafin a shiga babban jeri sai an yi wasannin share fage, kuma a waɗannan babu alƙali a kan kujera. Kowace ƴar wasa ita ke faɗin abin da ya faɗo a nata gefen. In ƙwallo ta fita sai ta ce "Fot!" Alƙaliya ɗaya ce ke zagaya filaye duka, sai an kira ta take zuwa.

Wata doguwar Baturiya aka haɗa ni da ita. Na buga ƙwallo na gan ta ta sauka a kan farin layi, ta ce, "Fot!" Na ce to. Na sake bugawa, ta sake cewa fot, na sake cewa to. Haka ta cinye ni. Ba don ban gani ba. Tun ina ƙarama Inna take gaya mini, "Habsu, baƙo ba shi musu da ƴan gari, kuma ba a ƙaryata wanda ya girme ka gaban jama'a. Wanda kika ci tuwon gidansu kuwa, ko ya ce rana dare ce, ki sadda kai." A gidanmu wannan shi ne tarbiyya, ana ce masa kara, kuma da shi ake gane ɗiyar mutunci. Na ɗauka su ma za su gane, su ji kunya su daina. A gasa ta biyu labarina ya riga ni zuwa. Duk ƙwallon da ta kusanci layi ta zama fot.

Ranar da aka fitar da ni karo na biyu, Baba Hamani yana wurin, an ɗauke shi aikin share filayen otel ɗin. Ina haɗa kayana ya kira ni.

"Ke, zo nan kafin in ja raga. Ba kin ce dangin uwarki masu raƙuma ne a Azagor ba?"

"Haka ne."

"Sun koya miki bin sawu, ko nono kawai kika je sha?"

Sun koya mini. Duk hutun lakwal, in an rufe makaranta, can ake kai ni, kuma in raƙumi ya ɓace Kawu yakan tafi da ni. Shi ya nuna mini cewa sabon sawu bakinsa kaifi gare shi, cikinsa ya fi duhu, tsoho kuwa iska ta ci gefensa ta zuba masa ƙura. Baba Hamani ya nuna mini ƙasa da yatsa. Sai na ga abin da nake takawa kullum ban kula ba: kowace ƙwallo tana barin sawunta a jar ƙasa, dogo kamar ƙwan zabo, da ɗan wutsiya mai nuna inda ta dosa. Na bi layin ina dubawa. Biyar daga cikin waɗanda aka ce sun fita suna nan kwance a kan fari.

"Kin gan su tun ana wasan?"

"Na gani, Baba."

"To mi ya kama bakinki?"

"Baƙuwa ce ni. Kuma ta girme ni."

Ya girgiza kai. "Kai, Gobir ta lalace. Kakanninki da ba su san gudu ba, su ne suka haifi mai cewa to? Ɗiyata, kara ana yi wa wanda ya san kara. A nan in kika yi shiru ba su cewa ɗiyar mutunci ce, cewa suke ba ta da ido. Dokarsu ce da kansu ta ba ki dama ki ce a nuna miki sawu. In ba ki yarda ba, ki kira alƙaliya."

Na ce na ji. Amma ji daban, yi daban. Sau nawa na tsaya gaban madubi ina gwada cewa "nuna mini", in na shiga fili sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Dabarar da na koma yi ita ce in riƙa bugawa can cikin fili, nesa da layi, inda ba mai iya yi mini ƙarya. Ƴar wasan da ke tsoron layi kuwa rabin filinta ta bayar.

Da shekara ta kusa cika, aka tafi da mu wata gasa a kudancin ƙasar, tafiyar awa shida a mota. Da muka rabu da teku ƙasa ta fara bushewa, itatuwa suka yi gajeru, sama ta buɗe. Na manna fuska a gilashi, ina jin kamar in na yi haƙuri kaɗan zan hango rijiyoyin Tagriss na wajenmu. Baba Hamani ba ya cikin tafiyar.

Na ci wasa biyu na share fage. Selma ma ta ci biyu. Na ukun shi ne na ƙarshe, wadda ta ci ta shiga babban jeri, inda ake fara rubuta sunan mutum cikin ƴan wasan duniya. Da aka liƙa takardar haɗa ƴan wasa, sunana yana gefen nata: ni da Selma za mu kara.

Da safe Mushe Faruk ya kira ni ƙarƙashin wata bishiyar dabino. Ya yi magana a hankali, har da murmushi.

"Katinki na zama a ƙasar nan saura mako uku ya ƙare, kin sani. Ni ke sa hannu a sabunta shi. Yau akwai wani babban mutum da ya zo ganin Selma, yana son ɗaukar nauyinta. Ki yi wasa mai kyau a zubin farko don a ga ta sha wuya, daga nan gwiwarki ta fara ciwo. Mako mai zuwa in kai ki a sabunta kati. In kuwa gwiwar ta ƙi ciwo, jirgin Yamai yana nan."

Na ce, "To."

Na tafi na zauna a bayan ɗakin canza kaya. Na yi tunanin sauka daga kar, babbar motar fasinja, a tashar Dakoro, mahaifina ya tambaye ni abin da na yi shekara guda, in ce masa bango na zama. Na kuma yi tunanin zama, wata shekarar, da wata, ina mayar wa Selma ƙwallo har ƙafafuna su gaji a sayo wani bangon. Ban yanke komai ba har aka kira mu.

Wasan zubi uku ne, wadda ta ci biyu ita ce da nasara. Zubin farko ta cinye ni da gaskiyarta. A zubi na biyu iska ta taso daga hamada, tana karkatar da ƙwallo tana watsa ƙura. Selma ƴar teku ce, ta fara tsaki tana kare ido. Ni kuwa a cikin irin wannan iska na koyi tafiya. Kuma shekara guda ina mayar mata da bugu, na san kafaɗarta kafin ta juya, na san inda take jefawa in ta ji tsoro. Na ci zubi na biyu. A bayan wayar da ta kewaye fili Mushe Faruk yana tsaye kusa da babban mutumin nan, wani mai farar riga, yana kallona yana bubbuga gwiwarsa da yatsa. Gwiwata lafiyarta ƙalau.

Zubi na uku muka yi ta ja, har ta wuce ni da kaɗan, ya rage mata maki ɗaya ta gama. Ta bugo mini can lungun hagu, ta taho raga da gudu. Wuri ɗaya ne ya rage a buɗe, siririn zirin da ke bin layin gefe. Wata da watanni ina gudun layin nan. Na saki hannu na buga miƙe. Na ga ƙwallon ta sauka, na ga farin layi ya yi tsalle da ƴar ƙura.

"Fot!"

Ta riga ta juyo tana tahowa da hannu a miƙe, tana murmushi wajen mai farar riga. In na kama hannun nan, wasa ya ƙare. Kalmar "to" ta hau har bakina, na ji ɗanɗanonta. Na dubi hannun. Hannu ne da na ci abinci a tebur ɗaya da shi, ɗiyar mai gida ce, kuma ta girme ni. Duk abin da aka hore ni da shi yana gefenta.

Na mayar da hannuna baya.

"Nuna mini sawun."

Muryata ta fito siririya, amma wurin ya yi tsit har ana jin karkaɗar ganyen dabino. Selma ta tsaya kamar kujera ce ta yi mata magana. Ta koma baya, ta nuna wani sawu da kan raket, yatsa biyu a wajen layi.

"Ba shi ba ne," na ce. "A kira alƙaliya."

Alƙaliyar wata dattijuwa ce mai faffaɗar hula. Ta zo ba gaggawa, ta saurari kowa, ta ba ni izini in tsallaka. Na durƙusa a gefen Selma kamar yadda Kawu ke durƙusa.

"Madan, dubi wannan da ta nuna. Bakinsa ya zube, iska ta cika shi da ƙura, ya kai rabin awa. Wutsiyarsa ma a karkace take, daga wancan lungun aka bugo shi. Tawa miƙe na buga. Ga sawunta nan. Cikinsa bai ko bushe ba."

Sawun yana nan, duhu-duhu, rabinsa a kan fari. Dattijuwar ta sunkuya. Ta tambayi Selma wane irin bugu ne, Selma ta ce miƙe, don kowa ya gani. Dattijuwar ta miƙe tsaye ta shimfiɗa tafin hannu ƙasa, alamar ƙwallon ta shiga, ta ce ni na ci makin.

Sai muryar Mushe Faruk ta fashe daga bayan waya. "Butulu! A gidana kike ci, a gidana kike kwana!"

Kowa ya juyo. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na fuskance shi, na ɗan rusuna.

"Na ci, Mushe, na gode. Amma ƙwallon ta shiga."

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai dai na daina tsoron layi. Na buga dama, na buga hagu, kowace a bakin fari, Selma ba ta ƙara cewa fot ba. Da na ci makin ƙarshe muka haɗu a raga. Hannunta sanyi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Ban san kina magana ba."

Ban tsaya canza riga ba. Na roƙi alƙaliyar ta raka ni, muka sami Mushe Faruk a rumfar masu shirya gasa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a gidanmu. Na gode masa da ɗaki da abinci na shekara guda, na roƙi gafara in na taɓa saɓa masa. Sannan na miƙe.

"Ina son paspo ɗina."

Ya ce yana gida cikin akwatin ƙarfe. Dattijuwar ta ce abin mamaki ne, don da idonta ta gan shi a hannunsa ranar rubuta sunaye, ta kuma jawo takarda da biro ta ce za ta so ta rubuta dalilin da ya sa takardar ƴar wasa take hannun wani. Ya buɗe jakarsa ya jefa shi kan tebur. Ɗan littafin kore ya yi laushi, ya ɗauki warin tabarsa. Na ɗauka da hannu ɗaya.

Kafin la'asar motar su Mushe Faruk ta tafi ta bar ni. Jakata na tarar a ƙofar fili, raket biyu da kaya kala uku. Matar da ke dafa wa ƴan wasa abinci ta gan ni zaune a kanta, ba mu da yare ɗaya, ta dai kama hannuna ta kai ni ɗakin ɗiyanta. Na ari tarhonta na kira Baba Hamani na ba shi labari. Na ji yana jan hanci.

"To, ba laifi," ya ce. "A matsayin baiwa kin yi ƙoƙari. Hauwa ta ce akwai tabarma in kin dawo."

Katin bai sabuntu ba. Bayan mako uku na koma Yamai, na yi wata biyar ba fili ba mai horarwa, ina bugun bangon wani lakwal. Daga nan na bi kar zuwa gasa a ƙasashen maƙwabta, ina kwana a tasha, ina ɗaura wa wasu igiyar raket don in ci abinci. Sai a shekara ta uku na ɗaga kofina na farko cikin manya, wasu suka biyo baya, har na buga a filayen da a da sai a talabijin nake gani. Duk wannan yana gaba, ban san da shi ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne washegari ina da wasa a babban jeri.

A babban jeri akwai alƙali. Wani mai furfura ne, sa'an mahaifina, zaune can sama kan doguwar kujera. Ya faɗi sunana, ya faɗi Nijar, ƴan kallo ba su fi goma ba. Abokiyar wasana ta girme ni da shekara takwas, an ce ta taɓa shiga cikin manyan duniya. Ba a daɗe da farawa ba na buga wata ta bi layin baya.

"Fot," in ji mai furfura.

Na taka har gindin kujerar. Na ɗaga kai na dube shi, na gaishe shi.

"Mushe, don Allah sauko ka duba."

Ya sauko.